Wanda Zai Yanka Ragon Layya

Tun shekarar da rawar hannu ta kama ni, shekara biyu ke nan bayan na ajiye shugabancin makarantar firamare a Samaru, na daina ɗora wuƙa a wuyan dabba. Likita ya shaida mini cewa ciwon ba ya kisa, ba ya kuma warkewa, sai dai a yi zaman haƙuri da shi. Na daina shan shayi a gaban baƙi, na daina sa hannu a takarda sai ina ni kaɗai a ɗaki, yankan layya kuwa ya koma hannun ɗana na fari.

A gidanmu, tun zamanin kakana, ba a kiran liman ko mahauci su yanka mana layya. Mai gida ne ke yi da hannunsa, a ƙofar gida, jama'a na gani. Idan ya gaza, babban ɗansa ya karɓa. Ban taɓa ɓoye alfaharina da wannan al'ada ba. Har nakan faɗa a majalisa cewa gidan da ya san tauhidi da hujjojinsa bai kamata ya nemi hannun waje ya yanka masa ba. Naman kuwa rabo ake yi da shi: surukai a Tudun Wada, ƙannena a Basawa, maƙwabta na dama da na hagu, har da tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layinmu.

Abin da zan ba da labari ya faru ne a shekarun da wayar hannu ta fara yawa a hannun mutane, shagunan intanet kuma suka cika bakin titin jami'a. Ɗan nawa yana da shekara talatin da biyu a lokacin, yana koyar da kimiyya a jami'a, yana zaune da matarsa da 'yarsa a sashen da na gina masa a bayan gida. Saura kwana goma sha ɗaya Babbar Salla, an riga an kawo rago daga wajen Shika an ɗaure a gindin mangwaro, sai na fito da wuƙar cikin kubenta bayan la'asar, na sa aka kira shi. Na miƙa masa, na ce ya kai wa maƙerin bakin kasuwa ya wasa ta.

Ya durƙusa kamar yadda ya saba, amma bai miƙo hannu ba.

"Baba, bana a nemi wani ya yanka."

"Tafiya za ka yi?"

"A'a, ina nan."

"To, hannunka ne ke ciwo?"

Ya dubi ragon da ke tauna harawa. Sa'an nan ya ce, kansa a sunkuye, "Baba, ban tabbata yankana zai halatta ba. Na fi shekara ina neman tabbaci a zuciyata cewa akwai Allah, ban samu ba. Ban ce babu ba. Amma ba zan kama wuƙa in ciyar da ku abin da ni kaina ban san matsayinsa ba."

Mu mutanen da ne. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zaman hira da shi, ba a yabonsa a kan idonsa. Shekara talatin da biyu, abin da ke tsakanina da shi bai wuce aike da umarni da karatu ba. Ƙannensa sukan zauna kusa da ni su yi mini gardamar siyasa. Shi kuwa daga gaisuwa sai tashi. Saboda haka wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini game da kansa, ga kuma abin da ta ƙunsa. Abin da na ce masa kawai shi ne ya tashi ya tafi.

Kwana uku ban san ɗanɗanon abinci ba. Damuwata ta rabu biyu, ina kuma jin kunyar faɗin cewa ba kullum ce babbar ta fi cin raina ba. Babbar ita ce lahirar yaron, wanda ni na yi masa huɗuba a kunne ranar da aka haife shi. Ɗayar kuwa ƙofar gida ce ranar Salla. Idan na kira liman, kafin a gama fiɗa unguwa ta gama tambayar dalili, a Samaru kuma, inda kowa ke da labarin abin da aka ce 'yan boko na tattaunawa a jami'a, ba za a daɗe ba a kai ga amsa ba. Surukin ɗan nawa malami ne mai zafi; in magana ta kai kunnensa, ba a kan rago za ta tsaya ba, sai ta taɓa igiyar aure. Idan kuwa na tilasta wa yaron ya yanka, na kama bakina, to mai yiwuwa mushe zan raba wa surukai da maƙwabta da sunan ibada, da sanina.

Mahaifiyarsa ta ga ina mayar da tuwo kamar yadda aka kawo shi. Ta ce, "Malam, ko jikin ne?" Na ce jinina ne ya ɗan hau. Ɗan nawa kuwa yana zuwa masallaci kamar kullum, yana tsayawa a sahu na biyu. Na kama kaina ina karkata ido ina duban leɓɓansa, ko suna motsi, har na rasa a raka'a ta nawa muke.

A rana ta huɗu na yanke shawarar yin abin da na fi iyawa, wato koyarwa. Na yi karatun tauhidi a wani zaure a cikin birni tun ina ɗan shekara tara. Na haddace siffofi ashirin da suka wajaba ga Ubangiji, da kishiyoyinsu, da hujjar kowace ɗaya, har malaminmu yakan tashe ni in karanta wa manya don su ji kunya. Ni ne kuma na zaunar da wannan yaro yana ɗan shekara bakwai na koya masa cewa farkon abin da ya wajaba a kan baligi shi ne ya san Ubangijinsa da hujja, cewa kuma wanda imaninsa bai wuce "na ji ana faɗa na faɗa" ba, malamai sun yi saɓani a kansa. Na ɗauka mantuwa ce ta kama shi, tuni kawai yake bukata.

Ranar Asabar da hantsi na sa babbar riga, kamar mai zuwa taron malamai, na zauna a kan kujera a zaure, na kira shi. Ya zauna a ƙasa daga bakin ƙofa. Na jero masa hujjar kamar yadda na karɓe ta, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Duniya fararriya ce, domin tana sauyawa, duk abin da ke sauyawa kuwa yana da farko. Duk fararre yana bukatar wanda ya farar da shi. Wanda ya farar ɗin ba zai zama fararre ba, domin da haka ne, da shi ma ya bukaci wani, wanin ya bukaci wani, har ba iyaka. Wannan kuwa korarre ne a hankali."

Ya saurara har na kai aya. Sa'an nan ya ce, "Baba, na haddace wannan, ku kuka koya mini. Inda na tsaya shi ne wurin 'korarre ne'. Me ya kore shi? Me zai hana wannan ya fito daga wancan, wancan daga wani, a yi ta komawa baya babu farko? A lissafi kullum muna aiki da abin da ba shi da iyaka, kome bai rushe ba."

Na ce, "Korarre ne."

"Saboda me, Baba?"

"Saboda malamai sun tabbatar da cewa korarre ne."

Tun maganar tana kan harshena na san abin da na yi. Na ba shi amsar da na hana shi karɓa yana yaro. Bai nuna mini ba. Ya dai ƙara sunkuyar da kai, wannan kuwa ya fi mini zafi. Can ya ce, "Akwai wani abokin aikina, haifaffen Sabon Gari, iyayensa daga kudu suka zo. Irin tabbacin da nake da shi ina yaro, shi ma da shi ya tashi a cocinsu. Da an musanya mu ranar haihuwa, da ni ne a can, shi ne a nan yana riƙe muku wuƙa. Shi ya sa nake tambayar kaina, tabbacin nan na gaskiya ne ko na gida ne?"

Sai na ɗaga murya. Na ce zaman shagon intanet ne ya lalata shi, na ce karatun da na kashe ƙarfina a kai ya zama mini dafi. Ya ce, "Ku yi haƙuri, Baba," ya tashi ya fita. Na zauna cikin babbar rigata ina gumi. Shekara sittin ina ɗauke da hujjar nan kamar mai kai wasiƙa a rufe: na san wanda ya ba ni, na san inda zan kai ta, ban taɓa buɗewa na karanta ba.

Akwai wani taubashina, ɗan ƙanen mahaifiyata, mai gyaran keken ɗinki a Sabon Gari. Tare muka yi karatu a zauren nan na birni. Shafin da nakan haɗiye cikin kwana biyu, shi sai ya yi wata a kansa, yana damun malam da "don me", yana shan bulala. Bai yi boko ba, ban kuma taɓa lissafa shi cikin masu ilmi ba. Amma da na duba duk waɗanda na sani, sai na ga malaman da nake girmamawa ba zan iya kai musu wannan magana ta tsaya a wurinsu ba. Ranar Litinin na hau bas daga Samaru, muka bi ta Kwangila, na sauka a PZ, na ƙarasa da ƙafa, ina ta waige kamar wanda ya yi sata.

Na same shi a shagonsa, tsakanin wani mai sayar da kayan mota da wata mai atamfa, ya kwance kan keke ya zuba ƙananan kusoshi a cikin murfin gwangwani.

"A'a! Hedimasta da kansa a Sabon Gari? Hanyar Samaru ce ta ɓace maka, ko ka zo duba mana farce ne?"

Na zauna a kan benci, muka gaisa. Na ce wani tsohon ɗalibina ne ya zo mini da wasu tambayoyi, na kwashe su na faɗa masa. Ya ci gaba da goge ƙarfe da tsumma, bai dube ni ba.

"Shi ɗalibin nan naka, hancinsa irin naka ne?"

Na kawar da kai. Ya ajiye tsumman, ya jawo ƙyauren shagon ya rage shi, wasa ya bar fuskarsa.

"Ka tuna babbar tukunyar biki ta unguwarmu a birni, mai kunne huɗu?"

Na ce na tuna.

"To a ce ka gan ta a wani gida, ka ce ta wace ce, su ce aro muka yi daga gidan gaba. Ka je gidan gaba, su ce mu ma aro muka yi. Ka yi ta bi gida-gida. A ce gidajen ba sa ƙarewa, kowanne aro ya yi. Ka sami mai tukunya?"

"A'a."

"Ko gida dubu ne, ko ba iyaka, duk masu aro ne, yawansu ba zai mai da ɗayansu mai ita ba. Ga tukunya kuwa a kan murhu ana tuƙa tuwo. Yaronka ya yi gaskiya, ƙidaya ba ta da ƙarshe, kada ka yi masa gardama a nan. Ba tsawon layin ne matsala ba, aron ne. Ni da kai da keken nan da rana da wata, samuwarmu ta aro ce. Da ba mu nan, kuma da ba a yi mu ba, babu abin da zai karye a hankali. To tunda ga mu, dole akwai wanda samuwa tasa ce, bai karɓo daga kowa ba. Abin da Malam yake nufi da wajibin samuwa ke nan, lokacin da kai kake sauri ka juya shafi a yaba maka."

Na haɗiye wannan, domin taubashi ne, domin kuma gaskiya ce. Na ce, maganar gidan haihuwa fa?

"Wa ya koya maka lissafi a elemantare?"

Na ce wani malami ne mutumin kudu.

"To biyu da biyu huɗu ta zama ta mutanen kudu ke nan? Inda ka samo magana daban, gaskiyarta daban. Gida yakan ba mutum gaskiya, yakan ba shi ƙarya. Ba a ganewa sai an auna abin da aka bayar. Ka ce masa ya auna, kada ya zubar don kawai a gida ya samu. Shi kuma wannan maƙwabcin nawa mai kayan mota, shekara ashirin muna gardamar addini da shi, har a tara mana jama'a, amma ko sau ɗaya ba mu taɓa saɓawa a kan ko duniya ita ta yi kanta ba."

Sai na kawo abin da ya kawo ni. Na ce, "Yankansa fa? Ya halatta ko bai halatta ba?"

"Ya ce babu Allah?"

"Ya ce bai ce babu ba."

"Yana salla?"

"Yana yi."

"Kai ka kama shi, ko shi ya faɗa maka?"

"Shi ya faɗa."

"To, Hedimasta, wanda ya bar addini me ya dame shi da halaccin namanka? Da sai ya yanka ku ci, ya yi dariya a cikinsa. Malamai sun bambanta wanda tunani ke kai wa hari yana ƙinsa da wanda ya shimfiɗa wa shakka tabarma ya zauna da ita. Na farko ba a fitar da shi, har an ce zafin da yake ji alama ce ta imani. Na biyu kuwa maganarsa mai nauyi ce. Wanne ne ɗanka, ni ban sani ba, ina nan ina gyaran keke. Kai ne ubansa. Ko da yake na manta, ku masu kunyar ɗan fari sai ku san zuciyar jakin maƙwabci ba ku san ta ɗanku ba."

Na dawo Samaru ba tare da fatawar da na je nema ba. Kwanakin da suka rage na yi su ina juya tukunyar nan a raina. Nakan zauna a gindin mangwaro in yi wa kaina tambayar da nake jin yaron zai yi, in nemi amsa, in rasa, in sake. Ban taɓa yin irin wannan aiki ba a rayuwata, tsoro kuma ya riƙa kama ni, kada garin neman ceto shi ni ma ƙafata ta zame. Wuƙa dai ni na kai ta wurin maƙeri da kaina. Ya ce, "Yau ina malamin jami'a?" Na ce ayyuka sun yi masa yawa. Mahaifiyarsa ta fara jera kwanonin rabon nama a tsakar gida, tana ƙidaya na wane gida da na wane gida, ni kuwa kowane kwano ta ajiye sai gabana ya faɗi.

Ranar Arfa da la'asar sakaliya na gan shi yana ba ragon ruwa. Na sa aka shimfiɗa tabarma a wurin, na zauna, na ce ya zauna. Ya nemi gefe a ƙasa. Na ce, "A kan tabarmar." Ya dube ni, domin ba a taɓa yi ba, sa'an nan ya zauna a ɗan bakinta.

Na ce, "Ran nan ka tambaye ni dalili na ba ka sunan malamai. Ban kyauta ba." Ban taɓa faɗa wa wani ɗa nawa irin wannan ba, sai da na tsaya na nisa. Sa'an nan na kawo masa maganar tukunya, da ta malamin lissafi, ban kuma ɓoye inda na samo su ba.

Ya daɗe yana tsinkar bakin tabarma. Ya ce, "Wannan ta fi ta ran nan ƙarfi, Baba. Amma me zai hana mai tukunyar ya zama ita duniyar kanta, wato asalin abin da aka yi kome da shi? A ce shi ne bai yi aro ba."

Wannan tambaya na riga na yi wa kaina, na kwana uku a kanta, amsar da na ba shi kuwa tawa ce, ba ta kowa ba. Na ce, "Na taɓa jin kana gaya wa ƙannenka cewa ƙarfin da ke riƙe da abubuwa yana da awo, da ya ɗan ƙaru ko ya ɗan ragu da ba a sami taurari ba. Haka ne?"

"Haka ne."

"To abin da ke da awo, wanda zai iya zama haka ya kuma iya zama ba haka ba, ai bai tsaya da kansa ba. Wani ne ya keɓe masa wannan awon ya bar sauran."

"Wasu masana suna cewa mai yiwuwa duniyoyin ne da yawa, kowace da nata awon, mu muka dace da wannan."

"Sun gan su?"

"A'a."

"Ashe su ma suna da nasu gaibin."

Ya yi dariya, 'yar gajeruwa, ya yi maza ya rufe baki. Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na ɗauka an zo ƙarshe. Amma sai ya ce, "Ko na karɓi wannan duka, Baba, ya kai ni ga wanda ya fara ne. Bai kai ni ga wanda ke ji na ba. Idan na yi sujada, ji nake kamar mai buga waya, tana shiga, ba a ɗauka."

A nan ba ni da tukunya, ba ni da awo. Na ce, "To me ya sa kake ta bugawa?"

"Na kasa dainawa."

Na so in riƙe wannan amsa in ce ta isa. Na juya ta ta kowace fuska: mai ƙin shakka ne ke magana, ko wanda sabo kawai ke ja? Ban iya rarrabewa ba. Na ce, "Gobe fa?"

"Ban sani ba, Baba. A kan wannan ba na so in yi muku ƙarya."

Da muka sauko daga Idi washegari, layinmu ya cika da mutane, kowa yana jan dabbarsa. Aka kwantar da ragon a ƙofar gida, aka fuskantar da shi alƙibla, ƙannen ɗan nawa biyu suka danne ƙafafu, shi kuma ya kama kai. Maƙwabcina na dama ya leƙo yana cewa malamin jami'a ya yi sauri, yana so ya ari wuƙar. Na fito da ita daga kube. Kowa yana jira in miƙa. Ban miƙa ba, ban kuma aika a kira liman ba. Na naɗe hannun riga, na durƙusa.

"A'a, Malam, yau da kanka?" in ji maƙwabcin.

Na ce, "Da kaina."

Duk wanda ya san yanka ya san ba ƙarfi kaɗai yake bukata ba. Ana so a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu a tafi ɗaya. In ka ɗaga wuƙa ka daɗe kafin ka mayar, ka azabtar da dabba, ka kuma jefa naman cikin shakka. Na ɗora bakin wuƙar a wuyan ragon, sai ga ta tana tsalle a kan gashin kamar ba a hannuna take ba. Na danne da hannun hagu, shi ma ya kama rawa. Kowa ya zuba mini ido. Na san in na ja a haka, zan yi wa dabbar rauni ne kawai, a gaban kowa.

Sai na ji hannu a kan nawa. Ɗan nawa ne ya danne kan ragon da gwiwa, ya rufe yatsuna da tafinsa a kan ƙotar, ya riƙe gam, rawar ta tsaya. Ban dube shi ba. Na ce, "Bismillahi, Allahu akbar," muka ja. Tafi ɗaya aka yi, jini ya zuba a rami. Yara suka ɗauki kabbara, maƙwabci yana ta sa albarka yana cewa ɗa na gari ke nan. A cikin wannan hayaniya na ji kamar wata murya ƙasa-ƙasa ta bi tawa, amma ba zan rantse ba. Kunnena ba na da ba ne, zuciyata kuma ta so ta ji.

Na koma zaure na zauna, ban yaudari kaina ba. Niyya tawa ce, ambaton suna nawa ne, amma na san hannuna. Ƙarfin da ya ratsa wuyan ragon ba nawa ba ne. Tambayar da na gudu daga gare ta tana nan inda take, babu kuma malamin da zai amsa mini ita kafin a fara cika kwanoni.

Ranar Layya ba na cin kome tun asuba sai hantar ragona, kuma ba a fitar da nama daga gidan sai na ci. Wajen azahar mahaifiyarsa ta aiko da ita a faranti, an gasa, an barbaɗa yaji, shi ne kuma ya kawo. Ya ajiye a gabana, ya ja baya ya durƙusa, idonsa a kan farantin. Na gane cewa shi ma hukuncin yake jira. Na tuna cewa da ya so, da ya yi shiru tun ranar farko ya yanka, babu wanda zai sani. Na tuna kuma cewa ni ba a ba ni ikon tsaga ƙirjin kowa ba, ko na ɗan da na haifa. Tsoron bai tafi ba. Na ɗauki yanka ɗaya, ya kuɓuce mini, na sake ɗauka, na yi bismilla na ci.

Na tura masa farantin. Na ce, "Ci. In ka gama, ka ce su fara da kwanon surukanka."